Makau Mai Littattafai

Asabar, 9 ga Agusta, bayan La'asar, Gummi

Abban Fatiha bai isa Zugu ba. Na rubuta jimlar, na zauna ina kallonta kamar yadda nake kallon aikin ɗalibai, ban ga inda zan gyara ta ba.

Jiya da hantsi ya tashi daga nan gidan Baba, inda muka zo hutun zangon karatu. Zai duba Innarsa, ya kuma kai wa makarantar da ya yi yana yaro kwalin littattafai. Kafin ya fita ya yi abin da duk mai hankali ke yi yanzu in zai hau wannan hanya, wato ya wanke wayarsa. Hotuna, saƙonnin banki, wasiƙun jami'a, duk ya share. Ya bar mini katin aikinsa da tabaransa, ya zura wata koɗaɗɗiyar riga ta ƙanena. Har tsokanarsa na yi, na ce wanda ya gan ka a haka ko ajiyar akuya ba zai ba ka ba, balle ɗalibai. Ya ce abin da ake nema ke nan.

Yau yayansa Kamalu ya kira. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke shi daga Bukkuyum ya iso gari da ƙafa, ba mashin, ba fasinja. An ga kwalin a gefen hanya, ruwa ya jiƙa komai.

Lahadi, da safe

Ruwa tun asuba. Ba wanda ya kira.

Litinin, 11 ga wata, bayan Azahar

Waɗanda suka kama shi sun kira Yaya Kamalu, da wayar Abban Fatiha.

"Shina da rai, Maman Fatiha, na ji muryatai," in ji shi. "Amma ki saurara da kyau. Ya hwaɗa musu sunanai Makau, sana'atai saida littattafai ga 'yan makaranta. Haka sunka kirai, Makau mai littattafai. Kada bakin kowa ya kuskure ya ce Dakta."

Na ce in sun gane fa?

"In sunka gane malamin jami'a na, abin da za su aza muna ko Zugu duka anka saida ba a kai shi. Kuma irinsu ba a sakinsu da wuri. Wasu ba a sakinsu."

Makau sunan gida ne, Inna ta ce ana tsakiyar sheƙa ruwa ta haife shi. A jami'a ba wanda ya san shi da shi. Can Dakta Mu'awiya ne, mai tabarau, mai hana ɗalibai shiga aji in sun makara. Yaya Kamalu ya ce sa'armu ɗaya, waɗannan ba na kusa ba ne, ba su san gidajen Zugu ba.

Litinin ɗin dai, bayan Magariba

Zauren Alhamis. Innalillahi. Ban tuna ba sai da wayata ta yi ƙara.

Zaure ne na Wasaf da Abban Fatiha ya buɗe mana shekaru huɗu da suka wuce, mu malamai kusan ashirin daga sassa daban-daban. Duk Alhamis mutum ɗaya zai kawo littafin da ya karanta ya ce ku nema, sauran kuma su taru su yi masa kaca-kaca. Doka ɗaya ce, ita ma shi ya kafa ta: ba a kawo littafin ɗan zaure, don kada a koma yabon juna. Ya share tsofaffin saƙonni, amma bai fita ba. Ta yaya zai fita, shi kaɗai ne admin. Wato ba mai iya cire lambarsa sai wanda wayar ke hannunsa.

Dakta Lukman na sashen Tarihi ne ya turo hoton wani shagon littattafai, ba komai a ciki. Na danna saƙon in ga waɗanda suka karanta. Lambar Abban Fatiha ce ta uku.

Talata, 12 ga wata, da yamma

Tun safe nake kan waya, ɗaya bayan ɗaya, har kunnena ya yi zafi. Da farko na so kowa ya fice daga zauren. Lukman ne ya hana. Ya ce, "Hannatu, mutum ashirin su tashi a yini ɗaya, ko jahili ya san an gudu ne. Kuma tambayar da za su yi ita ce, me ya haɗa mai talla da zauren malamai har ya zama shugabansa? Gara mu ba su amsa tun ba su tambaya ba."

Amsar da muka tsara: Makau shi ke kawo mana littattafai, shi ya buɗe zauren don karɓar saƙo. Za a ci gaba da hira kamar kullum, amma kowa ya riƙa aikensa.

Ban taɓa zaton zan gode wa Lukman ba. Shekara huɗu suna sa-in-sa da Abban Fatiha, in wannan ya ce littafi ya yi, wancan zai ce asarar takarda. Yau shi ya fara rubutawa: "Makau, ina ƙamus ɗin da na ce ka nemo mini? Kullum gobe, kullum gobe." Dakta Asma ta biyo baya, ta ce nata bangon ya zo a yage, ya zo ya canza. Wani daga sashen Turanci ya zaƙe, ya rubuta sakin layi uku yana faɗa, da waƙafi da komai, sai da na kira shi na ce Malam, mai sayen littafi kake, ba takardar taro aka ce ka gabatar ba.

Mutum ɗaya ban samu ba, Farfesa Atiku. Ya tafi Umara, layinsa a kashe. Na tura masa saƙo shi kaɗai, bai buɗe ba. Farfesa ba ya karanta saƙon kowa, ya shigo ne ya zuba nasa ya fita. Asma ta ce kada in damu, wanda ke ɗawafi ina ya ga lokacin zaure.

An karanta na Lukman. An karanta na Asma.

Laraba, da hantsi

Fatiha ta ɗauki tabaransa ta sa, ta ce in kalle ta, ta zama Abba. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Yanzu tana ɗakin Hajiya, mahaifiyata, ta ƙi zuwa wurina.

Alhamis, 14 ga wata, bayan La'asar

Zagayen Lukman ne. Ya kawo littafin wani tsohon direban jirgin ƙasa da ya ba da labarin rayuwarsa, jikarsa ta rubuta. Ya ce mu nema, domin tsohon ya san abin da ake bari ba a faɗa ba: shafi ashirin a kan injin, layi biyu a kan ranar da matarsa ta rasu, kuma layi biyun ne ke hana mutum barci. Asma ta ce wannan ba adabi ba ne, hira ce aka kwafa. Wani ya ce to wa ya rubuta, tsohon ko jikar? Aka ɗan taɓa musu, amma kamar miya ba gishiri. Kowa yana rubutu yana waiwaye.

Na san abin da Abban Fatiha zai ce da yana nan. Zai ce duk wanda ya zaɓi abin da zai yi shiru a kai ya riga ya zama marubuci, ko bai san baƙi ba. Na rubuta hakan da sunana. Lukman, maimakon ya far mini kamar yadda zai far masa, sai ya ce, "Haka ne." Wannan "haka ne" ɗin ce ta sa ni kuka.

A ƙarshe ya ƙara: "Makau, ka nemo mana guda biyar."

An karanta.

Asabar, da rana

Ba labari. Hajiya ta ce in ci abinci. Na ci.

Litinin, 18 ga wata, bayan Azahar

Wane ne ke karantawa? Tambayar ta hana ni sakat. Kullum tsakanin Azahar da La'asar ake buɗewa, Yaya Kamalu ya ce lokacin ne suke hawa dutse neman sabis. Wani na zaune a kan dutse yana bin hirar malaman jami'a a kan ko waƙar baka ta fi rubutacciya. Da wani ne ya kawo mini wannan a gajeren labari da na ce ya cika ƙarya.

Ina jin haushinsa, bari in faɗa tunda ba mai gani. Mutumin da ya tuna ya cire tabarau, ya manta da zaurensa. Ko kuwa bai manta ba, ransa ne bai ba shi ya fita ba. Na san shi.

Laraba, 20 ga wata, da yamma

Yaya Kamalu ya ce magana ta fara daidaita, an kusa. Ya sayar da abin da ya sayar, ban tambaya ba, bai faɗa ba. An ba shi Abban Fatiha a waya sun gaisa. Ya ce yana tari.

Gobe zagayen Farfesa ne. Asma za ta karɓa a madadinsa tun da sassafe.

Alhamis, 21 ga wata, bayan La'asar

Zan rubuta yadda abin ya faru, a jere.

Asma ta kawo nata da safe, tarin gajerun labarai na wata ɗalibarta ta dā. Ana cikin hira, bayan Azahar, sai ga Farfesa Atiku daga Madina. Bai karanta komai na sama ba, kamar kullum. Ga abin da ya rubuta:

"Salamu alaikum 'yan zaure. Yau zagayena ne, kuma zan karya doka da gangan. A jirgi na karanta Turmi Biyu, na ɗan'uwanmu Dakta Mu'awiya, ɗan Zugu, shugaban wannan zaure. Nazarin waƙoƙin dakan matan ƙauyukan Abare da Duza, waɗanda turminsu ɗaya na gero ne, ɗaya na dutsen zinariya. Na makara shekara biyu. Ban karanta abin da ya kai shi ba a wannan fanni. Dakta, ka yafe wa tsoho."

Ya sa shekarar bugu, da maɗaba'a, da yawan shafuka. Farfesa ba ya ambaton littafi bai cika masa adireshi ba.

Shekara biyu Abban Fatiha yana jiran wannan magana. Shi ya kai masa littafin har ofis da hannu biyu. Duk Alhamis in Farfesa ya shigo sai in ga ya gyara zama.

Na kira Madina, ba ta shiga. Lukman ya kira, ba ta shiga. Wanda ya tura ne kaɗai ke iya gogewa, ko admin. Na danna saƙon. An karanta.

Ba a jima ba Yaya Kamalu ya kira, muryarsa ba daɗi. "Sun kira ni yanzu. Sun ce wa ad Dakta Mu'awiya ɗan Zugu, shugaban zaure? Na ce sabis ya yanke, na kashe. Za su sake kira. Mi zan ce musu?"

Na ce ya ba ni ɗan lokaci. Ban yi shawara da kowa ba. Na rubuta a zauren:

"Farfesa, ashe labari bai same ka ba. Allah ya yi wa Dakta Mu'awiya rasuwa farkon damina. Bai sha wahala ba. Makau mai kawo mana littattafai, ɗan garinsu, shi ya bar wa riƙon zauren. Allah ya jiƙansa."

Na tura. Na fita bayan ɗaki na yi amai.

Da na dawo Lukman ya riga ya gane, ya rubuta: "Allah ya jiƙan Dakta. Ban taɓa yarda da shi a gabansa ba, kuma ban taɓa kwana ban yi tunanin abin da ya faɗa ba." Asma ta bi. Sauran suka bi. Mutanen da ba su taɓa buɗe Turmi Biyu ba yau sun san babin da ya fi daɗi. Na kira Yaya Kamalu na ce in sun kira ya ce Dakta ya rasu, ɗan unguwarsu ne. Ya ce, "To."

Juma'a, 22 ga wata, da hantsi

Farfesa ya shigo, wannan karon ya karanta. Ya turo murya yana kuka, dattijo mai hawan jini, yana cewa zai yi masa ɗawafi, yana cewa me ya sa ba wanda ya faɗa masa. Na saurara sau ɗaya, ban iya ƙarasawa ba.

Lukman ya same shi ta wayar jagoran tafiyarsu ya yi masa bayani. Amma kafin nan Farfesa ya riga ya tura ta'aziyya zauren tsangaya, da na tsofaffin ɗalibai. Daga can ta fita duniya.

Asabar, bayan Azahar

Mata sun fara shigowa gidan Baba. Sun ɗauka mutanen can ne suka gama da shi. Yaya Kamalu ya ce kada a ƙaryata, domin ƙaryatawar ma tafiya za ta yi, kuma duk bakin da ya haɗa Dakta da Makau ya kashe shi. Don haka na ja mayafi na zauna a tabarma. Ana ce mini ya haƙuri, ina cewa da godiya. Gwaggo Atine ta tambayi Hajiya ko na fara takaba. Baba da ya san gaskiya ya ce ba a ga gawa ba, ba abin da za a fara, ya hana a kira malamai.

Wata ɗalibarsa ta zo tun daga Anka, ta kama hannuna tana kuka, ta ce shi ya fara ba ta aron littafi. Na rarrashe ta. Ni na rarrashe ta.

Lahadi, 24 ga wata, da safe

Inna ta kira. Ba ta taɓa kirana da kanta ba.

"Ɗiyata, mutane sun cika min gida. Wancan, yayan mijinki, ya hwaɗa min gaskiya, ya ce in zamna in amsa gaisuwa. Na zamna. Ke kinka rubuta?"

Na ce ni ce, Inna.

Ina jin kukan awaki a bayanta.

"In ya hito, kin yi dabara. In bai hito ba, ki san bakinki yar riga nasu."

Ta kashe. Ba ta faɗi ƙarya ba.

Litinin

Ba a buɗe zauren ba yau.

Talata

Ba a buɗe ba.

Laraba, 27 ga wata, da La'asar

Wayarsa a kashe tun Lahadi. Yaya Kamalu ya kai abin da aka ce inda aka ce, ya dawo shi kaɗai. Sun ce a jira.

Ina ta komawa kan saƙon. "Bai sha wahala ba." Me ya kai ni ƙara wannan? Ba wanda ya tambaye ni. Farkon damina, na ce. Ina da alli da allo shekara goma sha ɗaya ina koya wa yara cewa magana ba ta kashe kowa, aikinta kawai ta nuna. Yau ko sunansa ba na iya faɗa a addu'a sai na rasa wanne zan kira.

Alhamis, da rana

Zagayensa ne yau. Ba wanda ya rubuta komai.

Asabar, 30 ga wata, bayan Azahar, Anka

Ya fito. Alhamdu lillahi. Jiya da yamma wasu masu kiwo suka same shi a bakin wani rafi suka ɗora shi a mashin. Yana wani ƙaramin asibiti a nan Anka, ana ƙara masa ruwa. Ƙafafunsa sun kumbura, rigar ƙanena ta zama tsumma. Na kai masa tabaransa, ya karɓa ya riƙe a hannu bai sa ba.

Inna ta riga ni isowa. Da na durƙusa gaishe ta, ta ɗora hannu a kaina ta bar shi nan.

Da aka ragu a ɗakin na tambaye shi wanda ke karanta saƙonnin. Ya ce shi ne. In an hau dutse sai a miƙa masa wayar ya karanta da ƙarfi, wani da ya taɓa yin sakandare yana tsaye a kafaɗarsa yana bin layi da yatsa, don kada ya tsallake.

Na ce har na Farfesa?

"Har shi. Da shekarar bugu da komai."

Na ce nawa fa?

"Sau biyu. Babbansu ya ce in maimaita. Sannan ya tambaye ni ko na san mamacin. Na ce na san shi, yana sayen littafi a wurina. Ya ce mutumin kirki ne? Na ce ga shi kuna ji ana faɗa. Sai ya ɗaga hannu ya ce Allah ya jiƙanai. Duk suka shafa. Ni ma na shafa."

Ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin kasuwa.

Lahadi, 31 ga wata, bayan La'asar

Lukman ya zo, ya yi tafiyar da aka hana kowa yi, da ledar lemo da wani littafi a hammata. Ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa idonsa ya cika, ya ce, "Dakta, barka da arziki."

Abban Fatiha ya zabura ya sauko daga gadon, robar ruwan tana jan hannunsa. Ya sunkuyar da kai, ya ce da sauri, "Ranka ya daɗe, Makau ne. Dakta ya rasu farkon damina."

Ba wanda ya motsa. Can ya ɗago ya dubi Lukman, ya dube ni, na ga ya gane inda yake. Ya yi ƙoƙarin yin dariya, ba ta fito ba. Muka mayar da shi gadon. Lukman ya ajiye littafin a gefen filo ya fita waje, na jiyo shi yana fyace hanci.

Yanzu yana barci, tabaran na hannunsa. Wannan jimlar da ya faɗa, ni na rubuta ta a zaure. Tun ɗazu nake kallonta, ban ga inda zan gyara ta ba.